Na gama tsarin darussa, yarana ba su iya haɗa baƙi ba

Shekarar da aka fara ba ni aji ɗaya, na gama duk darussan zangon farko saura mako biyu a fara jarrabawa. Na kai wa hedimasta littafin da nake cikewa kowace Juma'a, ya duba, ya sa hannu da jan biro, ya ce da ma sauran malamai su yi koyi da ni. Na fito ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Asirina ya tonu ne wata safiya a watan Disamba. Sanyi ya yi tsanani, hazo ya rufe gari, yaran da suka zo ba su fi ashirin ba cikin sama da tamanin. Akwai kalmomi uku da muka saba karantawa a allo, kullum a jere iri ɗaya: kaka, mama, nama. Ranar, ba da wata niyya ba, na ɗora sanda a kan ta ƙasa na yi sama. Na nuna nama, suka ce kaka. Na nuna mama, suka dace, don ita ce a tsakiya. Na nuna kaka, suka ce nama, da ƙarfi, da murna. Sai na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Yara uku ne suka karanta. Su ukun nan ne ashe suke jan baki tun farkon zango, sauran kuma amshi suke yi, ni kuma ina tsaye ina jin daɗin ƙarar aji.

Ƙannena da kuka fito kwalejin ilimi aka damƙa muku ƙananan azuzuwa, wannan labarin domin ku na ba da shi. Littafin da hedimasta ke sa wa hannu shaida ce ta abin da ya fito daga bakin malam. Abin da ya zauna a kan yaro ba ya cikinsa. Ni na yi wata uku ina auna tafiyata, ban taɓa waiwayawa na ga ko akwai mai bina ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san wannan tun ina ƙarami. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an biya. Za ka durƙusa gaban malam kai kaɗai, ka karanta, ya saurara. In ka iya, ka wanke a ƙara maka. In ka yi tuntuɓe, ka koma da allonka yadda yake. Daga babbaƙu ba a kai ka farfaru don kawai wata ya cika. Wani ya wuce cikin makonni, wani ya daɗe, kuma malam ya san inda kowa yake ko da almajiransa sun kai hamsin. Na shiga boko na ajiye wannan hikimar a bakin ƙofa, na ɗauki kalanda.

Ba cewa nake a jefar da tsarin zango ba. Yadda ake rubuta manufa ne nake so ku gyara. A da nakan rubuta: mako na huɗu, harafin k. Wannan ba ya buƙatar komai daga yaro, ni kaɗai zan iya cika shi ko da ajin babu kowa. Yanzu sai in rubuta: zuwa ƙarshen mako na shida, in na nuna wa yaro a, n, k, m, i ko u, shi kaɗai, ba a jere ba, zai faɗi sautinsa ba tare da ya kalli maƙwabcinsa ba, kuma zai haɗa baƙi da wasali ya ce ka, ki, ku. Irin wannan manufar ba ta barin malam ya ruɗi kansa, don ko yaro ya iya ko bai iya ba.

Ku lura ban fara da a, b, c, d ba. Nan ma na taɓa faɗawa rami. Yara da yawa suna zuwa da waƙar abacada ta Turanci a baki, sai ka ɗauka sun yi nisa. Yaron da ya san c da suna "si" zai sha wuya in ya zo karanta ci ko ciki, don a Hausa ba haka harafin yake fita ba. Sauti za ku koyar, kuma ku fara da haruffan da ke yawan fitowa, waɗanda za su ba ku kalma da wuri. Da a, n, k, m da i kaɗai kuna da kaka, nama, ina, kai, kan, makani. Yaron da ya karanta kalmar gaske a mako na uku ba irin wanda ya yi wata biyu yana rera haruffa ba ne. Mun yi sa'a ma, Hausar boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kuma gaɓoɓinmu ba su da wuyar gini. Wanda ya kama dabarar haɗa baƙi da wasali ya kama rabin aikin.

Sai lissafin kwanaki. A takarda zango yana da mako goma sha biyu ko sha uku. Ku cire makon farko na shara da rajista da jiran waɗanda ba su dawo ba. Ku cire makonnin bita da jarrabawa. Zangon farko yana faɗawa lokacin girbi, a ƙauye rabin aji yana gona. Ranar kasuwar garin akwai masu talla. Juma'a da wuri ake tashi. In azumi ko Sallah ta faɗo ciki, wannan wani lissafin ne. Ni yanzu mako tara nake tsarawa, sauran in bar su fili. Ban taɓa rasa abin da zan cika filin da shi ba. Harafi biyu sababbi a mako ya ishe ni, Juma'a kuma babu sabon abu, bita ce da shifta.

Kada kuma ku raba kwanakin daidai wa daida, don haruffan ba nauyinsu ɗaya ba. Harafin m kwana biyu ya wadatar. Amma ranar da kuka iso ɓ, ɗ da ƙ, ku rage gudu. Yaro Bahaushe yana bambanta su a baki tun kafin ya zo makaranta, ba zai taɓa kiran ƙafa da kafa ba. A ido ne matsalar take, 'yar ƙugiya ce kawai a saman harafi, wanda ke bencin baya ma ba ya hango ta. Nakan ba kowanne mako guda, in jera su kusa da 'yan'uwansu: baki da baƙi, bata da ɓata, daka da ɗaka, kusa da ƙusa. Haka sh da ts, da irin su kw, gy, ƙw, inda haruffa biyu ke ba da sauti ɗaya. Ga kuma b da d, waɗanda ke juya wa yara baya har aji biyu. Wanda ya ba waɗannan lokaci daidai da na m, zai biya bashin a zango na uku.

Bayan abin da ya faru a watan Disambar nan, sai na tsallaka wani ɓangaren, kuma wannan kuskuren ba a cika faɗa ba don yana kama da tausayi. Na rantse ba zan ƙara harafi ba sai kowa da kowa ya iya. Muka zauna a kan haruffa biyar kusan wata biyu. Waɗanda suka iya tun mako na biyu suka gaji, suka koma tsokana da faɗa a kan fensir. Waɗanda ba su iya ba kuma maimaitawar ba ta ƙara musu komai ba, don hanya ɗaya nake ta bi da su. Shekara ta ƙare ba mu karanta jimla ko ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma ragowar maganar ita ce sai dai a daɗe ba a je ba, kuma yaron aji ɗaya shekara ɗaya gare shi a hannunka. Abin da na tsaya a kai yanzu, kuma ra'ayina ne ba doka ba: in kusan huɗu cikin kowane biyar sun kama, ina wucewa, ragowar kuma in tara su minti goma kafin a tashi, ko lokacin da sauran ke kwafar rubutu. In rabi ne kawai suka kama, laifin darasin ne, sai in sake shi ta wata hanyar.

To ta yaya mutum ɗaya zai san waye ya kama cikin yara tamanin? Nan ne na amfana da abubuwa biyu da suka zo mana daga waje. Na farko gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA, wanda cibiyar RTI ta Amurka ta tsara a 2006, aka kuma yi amfani da shi da Hausa a jihohi irin su Bauchi da Sakkwato. Yaro ɗaya ake zaunarwa, a ba shi takarda, a ƙirga sautuka ko kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, irin su nuki ko kinu. Ba yadda za a yi yaro ya haddace su, dole ya haɗa. Na biyu tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, wanda ke raba yara mataki biyar gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon aji ko shekaru ba: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai gajeren sakin layi, mai labari. Da na fara jin bayaninsa dariya na yi, na ce ai malaminmu na allo ya riga su.

Ba ni da kuɗin buga takardu, don haka littafin rubutu guda na saya. Sunayen yara a gefe, layuka biyar na matakan nan, sai wurin kwanan wata. Na yanka kwalin taliya na rubuta haruffa da kalmomi. Kullum yara biyar nake kira teburina, kowa minti biyu. Aji mai tamanin yana zagayowa cikin kwana goma sha shida na makaranta, mako uku da ɗoriya ke nan. Ba na rubuta "ya yi ƙoƙari" ko "mai rauni", waɗannan ba sa gaya mini abin da zan yi gobe. Ina rubuta abin da ya faru: ya kira d da b, ta san haruffa amma ba ta haɗawa, yana tsallake ƙugiya. In na ga kuskure ɗaya ya fito a wurin yara goma, na san darasin Litinin.

Daga baya na ƙara layin fashi, kuma shi ya fi buɗe mini ido. Yawancin waɗanda nake ɗauka marasa ƙoƙari ashe masu fashin ranar kasuwa ne, kuma ranar ce nake yawan shigo da sabon harafi. Na mayar da ranar ta bita. Wata yarinya kuma mako shida ba ta motsa daga matakin farko ba alhali ba ta fashi. Da na zaunar da ita kusa da ni na lura kullum kunne ɗaya take juyo mini. Na dawo da ita gaba, na kuma aika wa mahaifiyarta a kai ta asibiti. Cikin amshin mutum tamanin da har ta gama firamare ba wanda zai gane.

Akwai abin da littafin nan ya ja ni na yi wanda har yau nake nadama. Daɗin ganin ci gaba ya ɗebe ni, na kwafe sunayen a babbar takarda na manna a bango, da taurari gaban masu labari. Na ɗauka gasa za ta motsa su. Cikin mako guda yara suka laƙaba wa na ƙasan takardar suna. Wani yaro, wanda ya ɗan girme su don bai shigo da wuri ba, ya daina zuwa. Sai da na taka har gidansu sau biyu, na zauna da mahaifinsa a zaure, kafin ya dawo, kuma bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba. Littafin nan na malam ne. Yaro ya ji nasa, iyayensa su ji, shi ke nan.

Agogo ma ku yi hattara da shi. Da yarana suka gane minti ɗaya nake aunawa, sai suka koma gudu, suna zubo kalmomi kamar masu gwanjo. Yanzu duk wanda ya karanta jimla sai na yi masa tambaya ɗaya. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka gari na tuwo da gari na zama iri ɗaya suke a takarda. In na rubuta "Inna ta tankaɗe gari" yaro ya furta shi kamar sunan birni, na san idonsa ne ya bi layin, hankalinsa bai bi ba, komai saurinsa.

Za ku tambaye ni yadda za ku yi da masu zuwa duba aiki in suka tarar kuna mako na biyar alhali kalanda ta ce na bakwai. Ni gaskiya nake rubutawa: an koyar, yara kaza ba su kama ba, za a maimaita. Sannan in buɗe musu ɗan littafina, in ce su zaɓi duk yaron da suka ga dama su gwada. Wasu sun ɗaure fuska, amma ban taɓa samun wanda ya ce in wuce bayan ya saurari yara uku da kunnensa ba. Ƙarshen shekara kuma littafin ba ya bina gida, hannun malamar aji biyu nake sa shi, da alama a gaban sunayen da ƙ da ɗ ba su gama zauna musu ba, don ta san da su za ta fara a watan Satumba.