Lantarki daga zafin salansa: inda aiki ya tsaya a mataki na uku

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a aikinmu na samar da lantarki daga zafin salansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur yana bin hayaƙi ne ya fice ta salansa, shi muke son tatsa da faranti huɗu na TEG, wato faranti mai juya zafi zuwa lantarki, kowanne milimita 40 tsawo da faɗi, a kan ƙaramin janareto. Farantin ba zafi kawai yake so ba. Bambancin zafi tsakanin fuskokinsa biyu shi ke haifar da wutar lantarki, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sa farantin sanyaya kaya, irin TEC1-12706, don ya fi araha. Dalmar cikinsa tana narkewa a wajen digiri 138 na ma'aunin Celsius, hayaƙin bakin inji kuwa yana iya haura 500. Ku nemi wanda aka yi don samar da wuta, mai jure 250 zuwa 300, sannan ku matsa da shi baya, can inda bututu ya ɗan huce. A auna wurin da ma'aunin zafi tukuna.

Bututu zagayayye ne, faranti kuma shimfiɗaɗɗe, don haka an sa tubalin alminiyam a tsakani, an goge fuskarsa sumul. Ko siririyar tazara aka bari, iska za ta tare zafi. Man shafawa irin na kwamfuta, wanda ake cike irin wannan tazarar da shi, yana bushewa ya tsattsage a wannan zafin. Takardar girafayit ta fi. Wajen ɗaure noti a bi kusurwa da kishiyarta, kaɗan-kaɗan, domin fuskar farantin tangaran ce, matsi ta gefe guda zai fasa ta. A sa washa mai sifirin, saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi.

Gefen sanyi shi ne ya fi ba mu wuya. Fanka kaɗai ba ta isa, bayan 'yan mintoci wuta sai ta yi ƙasa. Yanzu famfo ke zagayawa da ruwa ta ƙaramin lagireto. Ku cire abin da famfon ke ci daga lissafi, don farantin bai cika juya fiye da kashi 5 cikin 100 na zafin da ya ratsa shi zuwa lantarki ba. Idan an kashe inji a bar famfo yana aiki har tubalin ya huce.

Gwaji a fili kawai ake yinsa, hayaƙin inji yana kisa a rufaffen ɗaki. Abin da ya rage shi ne haɗa faranti huɗun a jere zuwa na'urar cajin batir mai bolt 12.