Ɗinkin da ake yi ta baya

Wata huɗu ke nan da allurar ɗinkin ado da ake kira "punch needle" da Turanci ta shigo hannuna, tsarabar da yayata ta kawo min. Kamar biro take, mariƙinta na katako, cikinta rami ne tun daga sama har tsini. Da wata siririyar waya ake jawo zare ta cikin ramin, a fito da shi ta idon da ke dab da tsinin. Sai a ɗaure yadi a zoben katako mai kama da bakin rariya, a ja shi ya ɗame kamar fatar kalangu.

Na fara gwadawa a kan ƙyallen shadda, allurar ta yi ta yaga shi. Sai da na zaga layin 'yan yadi a Babbar Kasuwa na samo farin yadin auduga mai ɗan sakin saƙa, sannan aiki ya miƙe. Ana soka allurar har mariƙin ya taɓa yadi, a ɗago ta kaɗan, tsinin na jan jikin yadin, a matsa gaba a sake sokawa. Kowace suka tana barin ɗan lanƙwashen zare a ɗaya fuskar. In suka taru sai su yi tudu mai laushi kamar gashin sabon tawul. Sharaɗi ɗaya: zaren ya kasance a sake. Ko ƙafarki ce ta danne curin, duk abin da kika soka zai biyo allurar ya fito.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne bayan aikin nake kallo. Sai na yi rabin awa ina soka, ban san yadda fuskar take ba sai na juya zoben. Har yau gabana na ɗan faɗuwa kafin in juya.

Ɗinkin ba sabo ba ne. Wasu Kiristocin Rasha da suka ware daga babban cocin ƙasar a ƙarni na 17 sun daɗe suna ƙawata tufafinsu da ƙaramar allura irin wannan, a Amurka kuma da ulu mai kauri suke yin darduma.

Kakata, Inna, ta shekara fiye da talatin tana ɗinkin hula a gidanmu na Mabera kafin idonta ya yi rauni. Ran da na bayyana mata yadda ake yi, cewa ta yi: "Ke ɗiyar ga, ɗumki babu ƙulli? To mi ka riƙon shi?" Na ce matsin saƙar yadin ne kawai, Inna, in an gama a shafa gam a baya. Ba ta gamsu ba, kuma ban ga laifinta ba. Hula guda takan ci mata makonni, ni kuwa a kwana uku na cika zobe.

Makon jiya na zana aska biyu irin na babbar riga, na cika da zare shuɗi da ruwan ƙasa, na sa mata a cinya bayan la'asar. Ta daɗe tana bin tudun da yatsa, daga gindin askar har tsininta, ta faɗi sunan zanen da kanta. Ta kuma gano inda layina ya karkace a aska ta biyu, ta ce in warware. Na ja bakin zaren, layin duka ya fito a ja ɗaya, na sake sokawa tana riƙe min curin.