Abin da sensa ta tona a ɗakin mitin ɗinmu

Ni dai da farko so nake kawai in gane me ya sa duk wanda ya shiga ɗakin mitin na ofishinmu, kafin awa ɗaya sai ka ga ana ta hamma, wani har gyangyaɗi, ni kuma in fito kaina na sarawa. Kowa cewa yake gajiya ce. Sai na haɗa 'yan sensa (ƙananan na'urorin auna iska) da ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, na jona su da Wi-Fi, duk minti biyar suna turo mini lambar CO2 (iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi) da ƙura da zafi da laima a waya.

Tun a saye na fara cin karo. Na ɗauko mai arha da aka rubuta eCO2 a kwalinta, ashe ba CO2 ɗin take aunawa ba, sinadaran da ke tashi a iska take shaƙa sai ta yi kintace. Ranar da wata abokiyar aikinmu ta fesa turare lambar ta yi sama kamar an cika ɗakin da mutane alhali ita kaɗai ce, dole na koma na sayi mai NDIR wadda ke aunawa da hasken infrared.

Ita ma na manna ta kusa da taga, kullum tana nuna mini lafiya lau. Da na mayar da ita bangon ciki daidai tsayin kan mutum in yana zaune, nesa da ƙofa, nan gaskiya ta fito. CO2 na iskar waje kusan 420 ppm ne (ppm ma'aunin yawansa ne, kashi nawa cikin miliyan), amma mu goma da ƙofa a rufe sai da muka wuce 2000, alhali tun 1858 wani masanin kimiyya Bajamushe, Pettenkofer, ya ce in aka haura 1000 iskar ɗaki ta lalace. Wani ya ce mini ai akwai esi, na ce esin bango iskar da muka fitar ita yake sanyayawa ya maido mana, ba ya kawo sabuwa.

Sensar da na saka a ɗakin masu gadi kuwa ta wahalar da ni, don tana ɗaukar mafi ƙanƙantar lambar da ta gani cikin kwanaki a matsayin iskar waje, shi kuma ɗakin ba ya rabuwa da mutum, sai ta dinga rage lambar a hankali. Na kashe wannan saitin, yanzu waje nake fita da ita in daidaita.

Saƙon gargaɗi a waya kuma kar ma ka ɓata lokaci, sati ɗaya kowa ya kashe shi. 'Yar fitila na saka a bango da ke yin ja in an kai 1000, yanzu da ta kunna wani ke tashi ya buɗe ƙofa, sai kuma rigima ta koma kan sanyin esi da ke fita.