Jika guda a kan tabarma

Daren jiya a fadarmu ta Maraɗi musu ya yi zafi, har shayi ya huce. Abokina ya dage wai tunda sojojin Faransa suka tattara nasu ya nasu a Disambar 2023, muka kuma fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ke nan Nijar ta samu 'yancin kanta. Ni ma na yi murnar tafiyarsu, ban ɓoye ba. Amma sai na zaro jika guda, wato sefa dubu, na ajiye kan tabarma, na ce, "Malam, wannan fa? Har gobe sefa ɗaure take da Yuro, wajen 656 a kan ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ke tsaya mata."

Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Mai dafa shayi kuwa ya ɗauke jikar, wai kuɗin sukari.