Koyar da tarihin ƙaura a ajin sakandare a Jos

A aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Jos za ka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, ga Bahaushe da Bafulatani, ga Ibo da Bayarabe, duk a benci guda. Saboda haka darasin ƙaura a nan yana da daɗin koyarwa, yana kuma da hatsari. Malam, in ka buɗe shi da tambayar wa ya riga wa zuwa, ka ɓata darasin tun kafin a shiga cikinsa. Tambayoyin da ke aiki uku ne: me ya tayar da mutum daga garinsu, ta wace hanya ya bi, me ya tarar da ya iso.

Darasi huɗu na minti 40 sun wadatar. Na farko a ba wa kuza, don ita ce ta tara jama'a a nan. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙarta a wajen Naraguta, kuma haƙa na son leburori, leburori na son masu abinci da mahauta da teloli. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, ya buɗe hanya ga mutanen Kudu masu aikin akawu da kanikanci. Rubuta shekarun nan a allo, ka bar yara su faɗi da bakinsu me jirgi zai canza. Kada a tsallake 1942 zuwa 1944. Bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar can, sai gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ma'adinan Filato, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su. A nan yaro ke gane cewa ba duk wanda ya bar gida ne ya bar shi da son ransa ba. A kuma faɗi ɓangaren manoman da aka haƙe wa gonaki, waɗanda ramukan kuza ke kwance a ƙasarsu har yau a wajen Bukuru da Barikin Ladi. In an ɓoye ɗaya daga cikin labaran nan biyu, rabin ajin zai ji an ware shi.

Darasi na biyu a juya akalar waje, yara su ga mu ma baƙi ne a wani wuri. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har Salaga, suka kafa zango a Kumasi da Accra. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka ci Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙi, wasu mabiyansa sun yi hijira gabas, suka zauna a Mai Wurno a Sudan. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, cikinsu da 'yan Najeriya masu yawa. A 1983 Najeriya ta yi irin haka a zamanin Shagari, ko da yake tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta amince ɗan ƙasashenta ya shiga wata ya yi kwana 90 babu biza. Jakar nan da ake kira Ghana-mos-go, wadda kowane yaro ya sani, a kawo ta aji a ajiye kan tebur.

Darasi na uku a shirya aikin gida, wanda shi ne zuciyar abin. Kowane ɗalibi ya zauna da dattijo ɗaya, kaka ko maƙwabci, da tambaya biyar kacal: ina aka haife ka, ina aka haifi mahaifinka, me ya kawo ku ko me ya zaunar da ku, wace sana'a aka fara, wa ya taimaka. Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, don ita ke fito da sunan mai masauki da maƙwabci, sau da yawa ɗan wata ƙabila. Dattawa ba sa riƙe shekara da lamba, don haka a koya wa yara su tambaya da abin da ya faru: kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, ana kashe fam da sule ko naira ta shigo? Naira ta shigo a 1973, ka ga an sami ma'auni.

A darasi na huɗu ana buƙatar kwali babba biyu a haɗe, taswirar Najeriya da maƙwabtanta a zane, ƙananan ƙusoshi da zare kala uku: ɗaya na neman abinci da cin rani, ɗaya na tilas, ɗaya na aure ko karatu. Yaron da kakanninsa ba su taɓa barin garuruwan Birom irin su Du ko Gyel ba, shi ma ya kafa ƙusarsa, ya faɗi su wa suka zo suka same su.

Inda aka fi samun matsala shi ne yaran da rikicin 2001 ko 2008 ko 2010 ya tayar da iyayensu daga wata unguwa zuwa wata. Kada a tilasta wa irin wannan yaro tsayawa gaban aji. Ya rubuta ya miƙa wa malam, ko ya yi hira da maƙwabci. In gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta tashi, a mayar da ita kan shaida: wa ya faɗa, a wace shekara, akwai wani da ya faɗi saɓanin haka? Makarantar da ke da halin mota ta kai yara gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, amma a je bayan an gama hirar, lokacin da kowa ke da tambayar da yake son amsarta.