Lambar da ke tona sunan mai gida

Cikin duk kwasa-kwasan da na ɗauka a karatun shari'a, na haƙƙin mallakar fasaha na fi shiga da zafi, don na taso ina jin kukan 'yan fim na Kano: a zuba kuɗi a shirya fim, kafin a mayar da uwar kuɗi masu turawa a waya sun cika gari da shi. Har gobe ina bayan masu wannan kuka. Abin da karatun ya ƙara mini shi ne sanin hanyar da ake bi kafin a kama ɓarawon fasaha a intanet, da irin mutanen da ake takawa a kan hanyar.

Duk layin da ya hau intanet yana da lambarsa, adireshin IP. Kamfanin da masu waƙoƙi suka ɗauka haya sai ya saje da masu musayar fayil ta BitTorrent, wata hanyar da mutane ke raba fayil a tsakaninsu ta intanet, yana rubuta lambobi da lokacin da ya gan su. Lamba ba ta magana, don haka sai a nufi kamfanin sadarwa a ce ya faɗi wanda ke riƙe da ita a wannan daƙiƙar. Sunan da zai fito na mai biyan kuɗin layin ne, ko da ɗansa ne ko baƙo ya yi aikin. Faransa ta kafa hukuma sukutum a 2009 mai suna HADOPI don wannan aiki: gargaɗi, a sake gargaɗi, na uku sai kotu. Mutumin farko da aka hukunta a 2012 an ci shi tarar yuro 150, alhali matarsa ce ta sauke waƙoƙin, kuma ta amsa da bakinta. Laifinsa, wai sakaci wajen tsare layinsa.

Sai ACTA, yarjejeniyar yaƙi da jabun kaya da satar fasaha, wadda Amurka da Japan da Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka yi shekaru suna tattaunawa a ɓoye. Jama'a sun fara sanin abin da ke ciki ne ta takardun da aka kwarmata. Fargabar ita ce a mayar da kamfanonin sadarwa 'yan sandan masu fasaha, suna sa ido kan kwastomominsu. Matasa suka cika titunan Poland cikin sanyin Janairun 2012, a watan Yuli kuma Majalisar Turai ta yi fatali da ita da ƙuri'a 478, masu goyon baya 39 kacal.

Shari'ar da na fi daɗewa a kanta ita ce ta kamfanin intanet Scarlet da ƙungiyar mawaƙa SABAM daga Beljiyam. Ƙungiyar mawaƙa ta so a tilasta wa kamfanin intanet ya tace duk abin da ke wucewa ta wayoyinsa. Kotun Turai a 2011 ta ce a'a, domin ba yadda za a gane fayil ɗin sata sai an leƙa na kowa, har na wanda bai taɓa sauke komai ba. Tun daga nan, in an miƙo mini doka irin wannan, sashen tara da ɗauri ba ya ɗaukar mini hankali sosai. Inda nake lalube shi ne wa ke da ikon mayar da lamba suna, ko akwai alƙali a tsakani, kuma tsawon wane lokaci ake ajiye bayanan.

A Najeriya tambayar ta fi nauyi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kawo tsarin sanar da kamfani ya sauke abin da aka sata, mu kuwa yawancinmu da waya muke hawa intanet, kuma kowane layi an ɗaure shi da lambar NIN, mai ɗauke da hoto da zanen yatsa da adireshin gida.