Inda na kai a Turanci: lokacin yanzu da na gaba

'Yan uwa masu fama da Turanci irina, na gama da lokutan yanzu, na sa ƙafa cikin na gaba. Abin da ya fi yi mini rana a wannan zangon shi ne daina bi ta Larabci. Mu da muka tashi a Makka, Hausa a gida, Larabci a makaranta da kasuwa, kusan duk littafin Turancin da ya faɗo hannunmu da Larabci aka yi bayaninsa. A nan gizo ke saƙa. A Larabci fi'ili mulari'i, wato aikatau na lokacin yanzu, guda ne: "aktubu" na iya nufin rubutun da kake yi yanzu, na iya nufin wanda ka saba yi. Turanci ya raba su gida biyu, Hausa ma haka. Nakan buɗe shago bayan Asuba: I open the shop after Fajr. Ga ni ina buɗewa yanzu: I am opening the shop. Malaman nahawun Hausa suna ce wa na farko lokaci sabau, na biyu lokaci mai ci.

Sai dai bakinmu ya saba da "ina buɗe shago kullum", ba kowa ke cewa "nakan" ba. Don haka na yi wa kaina ma'auni: duk inda za a cire "ina" a sa "nakan" ma'ana ba ta motsa ba, babu ruwan -ing a wurin.

Ƙaramar s ɗin nan ta he sells, she opens, hadda ce kawai. Na yago gefen kwalin dabino na rubuta he sells, does he sell, he doesn't sell, na manna kusa da akwatin kuɗi. Da zarar does ta shigo, s ta bar jikin aikatau.

Inda gadar Hausa ke da rami shi ne ayyukan zuci. Muna cewa "ina so", amma Bature I want yake cewa, ba ya sa masa -ing. Muna cewa "na sani", "na gane", "na yarda", kamar abin ya wuce, shi kuwa a yanzu yake ajiye su: I know, I understand, I agree. Waɗannan a dunƙule ake haɗiye su, neman dalili ɓata lokaci ne.

Na gaba ya fi daɗi, don a bakin alhazai nake tsintarsa. Shagonmu na dabino yana Misfala, masu zuwa daga Ingila, Afirka ta Kudu, Malesiya da 'yan Legas duk da Turanci suke ciniki. Mutum zai ɗanɗana ajwa, ya ɗanɗana sukkari, ya ɗan yi jim, sai ya ce I'll take two kilos. Will ke nan, shawarar da aka yanke nan take. Wanda ya baro masauki da niyyarsa kuwa I'm going to buy dates for my family zai ce. Ana kuma amfani da going to ga abin da alamarsa ta bayyana, kamar hadari ya haɗo a ce it's going to rain. Idan an riga an tsayar da rana an yanki tikiti, sai lokaci mai ci ya ɗauki aikin: We're leaving for Madina on Thursday. Wannan bai ba ni wuya ba, ai mu ma muna cewa "ina zuwa gobe".

Hanya ta huɗu ta faɗin abin da ke gaba ta shafi jadawali. Jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, mai cin kimanin kilomita 450 daga Makka zuwa Madina ta Jidda, idan za ka faɗa wa baƙo lokacin tashinsa The train leaves at nine za ka ce, ko da gobe ne.

A ganina littattafai sun cika zuzuta bambancin will da going to. Masu harshen kansu suna musanya su a wurare da yawa, ba wanda zai ɗaga maka gira. Dokar da ta fi tsauri ita ce ta when da if masu ma'anar "idan": galibi ba a sa will a bayansu in ana maganar gaba. When you come back, I will give you a discount. Hausa ta riga ta koya mana, "idan ka dawo zan yi maka ragi", "za" ɗaya ce a jimlar, kuma tana ɓangare na biyu.

Abin da ya rage mini aikin kunne ne. I want da I won't kusan sauti ɗaya suke fita a bakin mai sauri, alhali ɗaya ciniki ya faɗa, ɗaya an fasa. Na lura a won't leɓe kan zagaye ya ja wasalin, kamar a go, shi ya sa yanzu nake kallon bakin mai saye, ina kuma maimaita su biyun bayan Isha'i ina naɗa a waya. Shuɗaɗɗen lokaci da jerin aikatau marasa bin ƙa'ida sai cunkoson Umara ya lafa, in sha Allahu.